Ɗalibi da Kyamara: Koyon Sana'ar Fim a Makarantun Sakkwato



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda ɗalibi zai koyi shirya fim ta hanyar ayyukan da malamansa ke ba shi a aji, watau abin da mu ke kira jinga. Na san akwai waɗanda za su ce a ransu, ina ruwan Sakkwato da fim? Garin nan da alƙalami da tawada aka san shi. Wannan gaskiya ne. Amma ya kamata mu tuna cewa Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, bayan littattafan da suka wallafa da Larabci domin malamai, sun kuma tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa domin makiyayi da manomi da matar da ke cikin ɗaki, saboda sun lura cewa ta nan ne magana ke isa kunnen jama'a. A zamaninmu kuwa, abin da ke isa ga jama'a shi ne hoto mai motsi, a akwatin talabijin da kuma cikin wayar da ke aljihun kowa. Saboda haka jami'ar da ke ɗauke da sunan Shehu tun 1988 ba za ta ce wannan ba sha'aninta ba ne.

Kafin mu shiga aji, bari mu ɗan waiwaya mu ga yadda Bahaushe ya sadu da wannan sana'a, domin a nan ne matsalar ta samo tushe. Farkon saninmu da fim shi ne majigi. A zamanin Turawa, motar hukuma ta kan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, bayan sallar isha'i a haska hotunan tsabta da noma da biyan haraji, wani ma'aikaci yana tsaye da lasifika yana fassarawa. Dattawan da ke nan za su tuna da Baban Larai, wanda aka shirya a shekarun 1950 domin koya wa manoma noman auduga. A wannan zamani mu 'yan kallo ne kawai. Waɗanda suka sami damar taɓa na'ura 'yan ƙalilan ne da ke aiki a sashen fim na Gwamnatin Jihar Arewa, irin su marigayi Adamu Halilu, wanda daga baya, a 1976, ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim. Sa'an nan gidajen talabijin suka zo, su ma suka zama makarantu ba tare da an kira su da wannan suna ba. Peter Igho, wanda ƙasa duka ta san shi da shirin Cockcrow at Dawn da aka ɗauka a yankin Jos, a gidan talabijin na nan Sakkwato ya fara wannan aiki a 1975.

Babban juyi ya zo ne daga Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Cikin shekaru goma sai ga masana'anta ta tsaya da ƙafarta, har aka raɗa mata suna Kannywood a 1999. To, su waɗannan samari a ina suka koya? Mafi yawansu sun koya ne kamar yadda ɗan maƙeri ke koyon ƙira. Yaro zai fara da ɗaukar jakar kyamara da naɗe waya, ya koma riƙe fitila, wata rana mai ɗaukar hoto ya makara a ce masa ya riƙe. Kada kowa ya raina wannan hanya, domin ta ciyar da dubban gidaje, ta kuma kai harshen Hausa inda littafi bai kai shi ba. Illarta guda ce: almajiri ya kan gaji gwanintar maigidansa tare da kurakuransa, kuma ba shi da wanda zai tambaya dalili. In maigida ya saba kafa kyamara wuri guda ya bar 'yan wasa su yi ta zance na minti goma a kan kujerun falo, haka yaron zai yi har ya tsufa.

Wannan giɓi ne jami'a ya kamata ta cike. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba fannin koyon aikin jarida zuwa rassa 7, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne nazarin fim da dangoginsa. Kafin nan ma akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, wadda aka kafa a 1995 ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Watau dai hukuma ta yarda cewa wannan ilmi ne da ya cancanci digiri. Abin da na ke tsoro, kuma shi ne zuciyar maganata, shi ne kada mu ɗauki sana'ar hannu mu mayar da ita karatun allo. Abu ne mai sauƙi malami ya tsaya gaban aji ya karanta wa ɗalibai ire-iren ɗaukar hoto, na nesa da na kusa da na tsaka-tsaki, su rubuta, su haddace, su zuba a jarrabawa, su ci. A tsarin da aka saba, jinga da gwaji su kan ɗauki kashi 30 ko 40 na maki, sauran kuwa na takardar jarrabawa ne. Ɗalibi ba wawa ba ne, inda maki ya ke nan zai sa ƙarfinsa. Ƙarshenta sai mu yaye mutumin da ya san sunan kowace dabara, amma in an miƙa masa kyamara a wurin ɗaurin aure, yaron da bai gama sakandare ba ya fi shi sanin inda zai tsaya.

Uzurin da a ke kawowa kullum shi ne rashin kayan aiki. Ina so in ɗan daɗe a kan wannan, domin tarihi ya riga ya amsa shi. Makarantar koyon fim ta farko a duniya an buɗe ta ne a Mosko ta ƙasar Rasha a 1919, ana tsakiyar yaƙin basasa da yunwa. Abin da ya fi kome ƙaranci a lokacin shi ne zaren fim ɗin da a ke ɗaukar hoto a kansa. Wani malami mai suna Lev Kuleshov bai zauna jiran hukuma ba. Ya sa ɗalibansa suna tsara labari fitowa-fitowa, suna yinsa a kan dandamali kamar kyamara na ɗauka alhali babu kome a cikinta, suna kuma warware tsofaffin finafinai suna sake jera su domin su ga yadda ma'ana ke sauyawa. Daga nan ne aka sami gwajin nan da ya shahara. Kamar yadda almajirinsa Pudovkin ya ba da labari, an ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna kome, aka haɗa ta da hoton kwanon miya, aka sake haɗa ta da hoton gawa cikin akwati, sa'an nan da hoton yarinya tana wasa. 'Yan kallo suka yi ta yabon gwanintar mutumin wajen nuna tunani da baƙin ciki da murna, alhali kuwa fuska ɗaya ce ba ta sauya ba. Darasin shi ne, ma'anar fim tana fitowa ne daga yadda aka jera hotuna, kuma an gano shi ne a ajin da ba shi da kayan aiki.

Ba sai mun je Rasha ba ma. In ka bi hanyar Illela ka ƙetare Birnin Ƙonni, za ka isa Tawa, inda Mustafa Alasan ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Makanike ne tun farko, amma tun shekarun 1960 ya ke zana hotuna da hannunsa ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su fim mai motsi, har aka san shi a Faransa da Kanada. Ɗan ƙasarsu Umaru Ganda tsohon soja ne, ya kuma yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Bafaranshen nan Jean Rouch ya sa shi cikin fim a ƙarshen shekarun 1950. Da ya komo Yamai ya koyi aikin a ƙungiyar masu sha'awar fim, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Wayar da ke hannun ɗalibin aji ɗaya a yau tana ɗaukar hoto da sauti lokaci guda, tana nuna maka abin da ka ɗauka nan take, ana kuma iya yanka da haɗawa a cikinta. Waɗancan mutane, kafin su ga abin da suka ɗauka, sai an kai zaren fim ɗakin wanki an dawo da shi.

To, in ba kaya ne matsala ba, mene ne? A ganina tsarin jingar ne. Abin da aka fi yi shi ne a bar ɗalibai sai zangon ƙarshe, a kasa su rukuni-rukuni na mutum 15 ko 20, a ce kowane rukuni ya kawo fim na rabin sa'a. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san abin da ke biyo baya. Mutum biyu ko uku ne za su yi aikin, sauran su biya kuɗin karo-karo a rubuta sunansu. Wani lokaci ma rukunin zai ɗauko mai ɗaukar bidiyon biki daga cikin gari ya yi musu kome, su kawo a sa musu maki. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba a ce mutum 20 su taru a kan tsinke ba.

Shawarata ita ce a juya abin. Jinga ta zama ƙarama, ta zama mai yawa, ta kuma fara tun makon farko. Aikin farko ya zama na minti ɗaya, babu magana ko kalma guda: ɗalibi ya nuna mana mai shayi yana haɗa shayi, daga hura wuta har miƙa kofi, cikin hotuna 8 ko 10. Wannan hani na magana yana da dalili. Mu mutane ne masu fasahar baki, al'adunmu na tatsuniya da kirari da waƙa duk a harshe su ke, shi ya sa finafinanmu da yawa, in ka rufe ido, ba abin da ka rasa, wasan rediyo ne aka sa masa hoto. Sai an ɗaure bakin ɗalibi sa'an nan idonsa zai buɗe. A nan zai gano da kansa cewa in ya ɗauki mai shayi daga dama, sa'an nan ya zagaya ya ɗauke shi daga hagu, to a majigi mutumin zai zama kamar ya juya baya, mai kallo ya rikice. In malami ya faɗi wannan a allo za a manta kafin Juma'a, amma wanda ya ga aikinsa ya lalace a gaban abokansa ba zai sake ba.

Bayan ido sai kunne, kuma a nan ne akasarin ayyukan ɗalibai ke faɗuwa. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai zauna minti biyu yana sauraron maganar da ba ya ji ba. Garinmu kuwa ba shiru gare shi ba: ga babura, ga injin niƙa, ga janareta, ga iskar hunturu da ke bugun makirufo kamar ana kaɗa ganga. Ya kamata a ba da jinga guda wadda babu hoto a cikinta sam, a tura ɗalibi Kasuwar Kara ya kawo sautin minti biyu wanda mai sauraro zai gane inda a ke ba tare da an faɗa masa ba. Zai koyi kusantar da makirufo ga bakin mai magana, da naɗe shi da ɗan soso saboda iska, da kuma haƙurin jira har mota ta wuce.

Haske ma yana da nasa hukunci a ƙasar nan, wanda littattafan da aka rubuta a Ingila ba za su faɗa maka ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ranar tsaka tana saukowa ne daga bisa kai, sai inuwar hula ko rawani ta rufe idon mutum. In kuma dattijo ya sa farar babbar riga, kyamara za ta auna farin rigar ta rage haske, fuskarsa ta dushe. Haka in ka zaunar da shi cikin zaure ƙofa na bayansa, inuwa kawai za ka samu. Maganin waɗannan ba ya bukatar kuɗi: a yi ɗauka daga fitowar rana zuwa hantsi, ko bayan la'asar, a juya mutum ya fuskanci ƙofa, a sa wani ya riƙe farin kwali yana mayar da haske a fuska. Hazon hunturu da kowa ke kuka da shi, ga mai ɗaukar hoto alheri ne, domin yana tausasa rana.

Sai kuma yanka da haɗi, wanda 'yan fim ke kira tace hoto. Abin dariya, kalmar nan ta tacewa ita ce kuma a ke amfani da ita ga hukumomin da ke duba fim kafin ya fita, kamar wadda Jihar Kano ta kafa a 2001, har baƙo ya kan rasa wace tacewar a ke nufi. Hanyar Kuleshov tana nan da amfaninta: malami ya ba dukan aji hotuna iri ɗaya, kowa ya jera nasa, a haska su a jere, a ga yadda labari guda ya zama labaru talatin. Rukuni kuwa kada ya wuce mutum huɗu, kuma a riƙa juya aiki, wanda ya ba da umurni yau shi zai riƙe makirufo a mako mai zuwa. Maki kuma ya bi aikin: a irin wannan kwas, kashi mafi yawa ya koma ga abin da aka haska, a kuma tsayar da kowane ɗalibi ya bayyana dalilin da ya sa ya yanka a nan bai yanka a can ba. Wanda aka yi wa aiki ba ya iya amsa wannan tambaya.

Yanzu, me za su ɗauka? In aka bar ɗalibi da zaɓinsa, sau da yawa zai kawo labarin saurayi da budurwa da mugun uba mai kuɗi, saboda shi ya gani ya girma. Ba na ce a hana shi ba, amma ya kamata a fara tura shi inda ba zai iya kwaikwayon kowa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara tun ƙarnoni da suka wuce, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can ta ke isa gare su. Majema suna nan, suna jiƙa fata a ruwan toka, su tuje gashi, su jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Maƙeran Assada suna nan. Masu noman albasa a fadamar Rima suna nan. Duk waɗannan ayyuka ne na hannu da motsi, irin waɗanda kyamara ke so, kuma da yawa daga cikin gwanayensu tsofaffi ne waɗanda 'ya'yansu suka kama wasu sana'o'i. Ɗalibin da ya yi mako biyu yana zuwa majema ya koyi ɗaukar hoto, jami'a kuma ta sami abin da nan da shekara 30 ba za a iya sake ɗauka ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Finafinan Hausa kusan duk da karin Kano a ke yin su, kuma in ka ji Sakkwatanci a ciki, galibi an sa shi ne a bakin wanda a ke so a yi wa dariya. Wannan kuwa kari ne da Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo suka yi waƙa da irinsa, wanda sarakuna suka saurara. Ba wanda zai gyara wannan sai ɗalibin da ya tashi da shi, in malaminsa bai tilasta masa ya sauya bakin mutanen da ya ɗauka ba.

'Yan'uwana ɗalibai mata, ku kuna da wata dama da maza ba su da ita. Rabin rayuwar garin nan a cikin gida ta ke, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Saƙa da kitso da ƙuli-ƙuli da makarantun matan aure, duk ku kaɗai ke iya kaiwa gare su. Nana Asma'u ta gane wannan tun a ƙarni na 19, shi ya sa ta naɗa jajis mata su riƙa kai karatu ga 'yan-taru a ƙauyuka. Sai dai dama tana tafe da amana. Dole a koya wa ɗalibi, mace ko namiji, cewa ba a ɗaga kyamara a kan mutum sai da izninsa, a faɗa masa inda za a nuna hoton, in matar aure ce a nemi yardar gidan, in kuma ta ce a ɗauki hannuwanta kawai ban da fuska, to haka za a yi. A zamanin intanet hoton da ya fita ba ya dawowa, kuma kuskuren ɗalibi guda zai iya rufe wa dukan jami'a ƙofar unguwa.

Wannan ya kawo ni ga iyayenmu malaman addini. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawansu suna ƙyamar harkar fim, kuma mun ga ƙarfin wannan ƙyama a 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye shirinta na gina ƙauyen fim a Jihar Kano bayan sukar da aka yi ta yi a masallatai. Ba daidai ba ne ɗan boko ya yi watsi da damuwarsu kamar ba ta da tushe. Abin da suka gani na rawa da cuɗanya da kwaikwayon Indiya, sun gani da idonsu. Abin da zan roƙe su kawai shi ne su bambanta na'ura da abin da aka zuba mata. Tafsirin da su ke yi a watan azumi, da kyamara a ke ɗauka, kuma yadda a ke ɗaukarsa sau da yawa abin tausayi ne, murya na amsa-kuwa, hoto na rawa. Ɗalibin da ya koyi aikin nan da kyau su ma zai yi musu amfani. Ina ma sassan da ke koyar da wannan fanni za su riƙa gayyatar malamai su zo kallon ayyukan ƙarshen zango. Gani ya kori ji.

Abu na ƙarshe shi ne makomar aikin bayan an sa maki. Kundin digiri a kan ɗaure shi a ajiye a laburare, amma fim ɗin ɗalibi ya kan ƙare ne a kwamfutar malami ko wayar mai shi, ranar da ta lalace shi ke nan. A garin da Waziri Junaidu ya ƙare rayuwarsa yana tattara takardun magabata, har aka sa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha sunansa, wannan sakaci bai dace da mu ba. Ina ba da shawara kowane fim da ya cancanta a yi masa kwafi uku, ɗaya a sashe, ɗaya a laburaren jami'a, ɗaya kuma a miƙa wa waccan hukuma, tare da takarda mai ɗauke da ranar ɗauka da unguwa da sunayen waɗanda suka yarda a ambace su. A kuma nemi gidan Talabijin na Rima ya ware ko da minti 15 a mako domin ayyukan ɗalibai, saboda wanda ya san mahaifiyarsa za ta ga aikinsa ba zai kawo shirme ba. Sa'an nan a ɗauki majigi da farin ƙyalle a koma unguwar da aka yi ɗaukar, bayan sallar isha'i, a haska wa majema fim ɗinsu, ɗalibin yana tsaye a gefe, su faɗa masa inda ya tsallake wani mataki na jima.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.